Bel, Kwalta da Ruwan Rubutu

Ban taɓa yin aikin da ya ba ni wahala kamar fiƙe shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin injin ban-ruwan abokina ba. Na yi noma, na yi dako a kasuwar Dawanau, na yi niƙa har kunnena na hagu ya daina ji sosai, duk ba su kai wannan ba. Su waɗancan jiki suke ci. Wannan kai ya ci min.

Shekarun baya ne, lokacin da na gaji da injin niƙa. Kowace kusurwa a garinmu an kafa inji, sai mu wuni muna kallon juna muna jiran kwano ɗaya. Sai na ji labarin wani dattijo a cikin birni, idonsa ya yi rauni, yana so ya rabu da injinsa na fiƙar ƙarfe. Ga wanda bai san shi ba, inji ne da za ka damƙa masa ƙarfe a baki ya yi ta juya shi, kai kuma ka matso da wuƙa tana fere shi a hankali har ya zo daidai kaurin da kake so. Mu nan wajen madatsar ruwa ta Watari kusan kowa da injin ban-ruwansa, kuma duk wanda shaf ɗinsa ya cinye sai ya hau mota zuwa Kano. Na ce to, ga abinci.

Na zauna wurin dattijon na ɗan lokaci ina kallo ina taɓawa. Ya nuna min riƙon wuƙa da wasa ta, ya nuna min awo. Mutum ne marar yawan magana, abin da ka tambaya shi zai gaya maka. Ni kuma ban tambaye shi komai a kan bel ba. Mutum irina da ya tsufa a gindin injin niƙa, me za a gaya masa a kan bel?

Da aka sauke injin a shagona na bakin hanyar Bagwai, na zagaya shi ina dubawa, sai raina ya ɓaci. Motar wutar da ke jan shi tana baya a kan wani farantin ƙarfe mai buɗewa kamar murfin akwati. Ba a ɗaure ta ba, rataye take a jikin bel, in ka taɓa ta sai ta yi lilo. Shi kansa bel ɗin ya tsufa, ya yi siriri ya yi santsi. Sannan akwai sandar da ta ratsa ta cikin kan injin, ita ce ke juya bakin da ƙarfen da ke ciki. Dattijon sifindil yake ce mata. A bayanta akwai wani babban noti, na ɗora masa sifana ban ma yi ƙarfi ba na ji ya tafi.

Na ce a raina, tsufa dai bai yi ba. Ji yadda aka bar inji a sake kamar wandon aro.

Mu masu niƙa doka ɗaya muka sani, abin da ya saki ka tamke shi. Injin niƙa girgiza yake, notin da ka yi wa sakaci da safe, kafin azahar yana cikin garin tuwon wata. Bel kuwa sai ya yi tsam kamar fatar kalangu. In ya fara zamewa, ka ɗebo kwalta a bakin kara ka shafa masa yana gudu, nan take ya kama. Haka na tarar ana yi, haka na yi duk rayuwata, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Don haka na yi wa injin gata. Na sayo sabon bel mai kauri irin namu na niƙa. Maƙwabcina mai walda ya yi min wani dogon ƙarfe mai noti, na ja motar ƙasa da shi har bel ɗin ya daina motsi ko da yatsa. Notin bayan sandar kuwa na sa babban sifana, na zura masa fayif, wato bututun ƙarfe, don ya yi tsawo, na hau da nauyina. Tsohon bel ɗin kuwa, matata ta ɗauka ta ɗaure ƙofar garken awakinta da shi.

Ƙananan ayyuka suka fara zuwa, wannan a rage masa bakin ƙusa, wancan a gyara masa zobe. Abu ne na ɗan lokaci kaɗan ka kashe inji. Duk suka fita lafiya. Na fara tafiya ina buɗa kafaɗa.

Ana nan zafi ya fara shigowa, sai ga abokina a kan babur, da wani ƙarfe naɗe a buhu.

"Injiniya!" in ji shi tun daga nesa. Tun ranar da na kawo injin ya liƙa min sunan nan, kuma ba don girmamawa ba.

Tare muka tashi da shi. Yana da tumatir a fadama, na baya-baya ya dasa, a lokacin yana tsakiyar fure. Injin ban-ruwansa tsoho ne babba, irin wanda ba a samun kayansa a kasuwa. Wurin da robar da ke tare ruwa take zama a jikin shaf ɗin ya cinye, injin sai shaƙar iska yake ba ya ɗago ruwa. Mai walda ya riga ya cike wurin. Aikina kawai in fere shi ya yi sumul ya dawo daidai.

Na ce, "Wannan ai kafin ka gama shan shayi."

Ya ce, "Na gaya wa duk 'yan fadama mun daina zuwa Kano. Kar ka sa in koma ta bayan gari."

Na damƙa shaf ɗin, na tayar da janareta. Da farko abin gwanin sha'awa, ƙarfe yana fita kamar ana feraye rogo. Walda tana da tauri, aikin ba ya sauri. Can sai na ji muryar injin ta canja, ta yi nauyi. Bel ya fara kuka. Na ɗebo kwalta na shafa, ya yi shiru. Na taɓa kan injin, zafi kamar murfin tukunya. Wuƙar ta fara rawa, na duba ƙarfen, ya yi gargada kamar raken da aka tauna.

Rawa kuwa a wurina ma'anarta ɗaya, wani abu ya saki. Na ɗauko sifana da fayif na ƙara wa notin sandar. Na ƙara jan motar ƙasa. Abin ya ƙara lalacewa. Garin neman in share gargadar na ci ƙarfen ya wuce awo. Aka mayar wa mai walda ya sake cikewa.

Abin da ya ɗaure min kai ya zo washegari. Da sassafe na sa wani guntun ƙarfe na gwaji, injin ya fere shi ya fito kana ganin fuskarka a jiki. Na ce alhamdu lillahi, ya huce. Na sa shaf ɗin abokina, muka fara lafiya, hantsi na ɗagawa sai ga kuka, ga zafi, ga rawa. Na kashe na zauna ina kallonsa. Bayan azahar na sake sa guntun gwaji, ya fito sumul. Wato kowane ƙarfe injin yana so, ban da wannan.

Masu ba da shawara suka cika shagon. Mai shayi ya ce janaretan ne ba shi da ƙarfi. Mai faci ya ce giris ɗina jabu ne. Wani da ban ma san shi ba ya tsaya da kekensa ya ce inji irin wannan ba a kafa shi yana kallon titi. Na canja giris. Na ari janareta. Na wasa wuƙa har ta kusa ƙarewa. Juya injin ne kawai ban yi ba, shi ma don na riga na zuba masa siminti.

Abokina ya ja ni gefe, ya rage murya.

"Mutumina, wannan ba aikin ƙarfe ba ne. Baki ne. Ni na jawo, na cika baki a fadama, ka san ba kowa ke son mu da alheri ba."

Na ce, "Ƙarfe ne fa. Baki yana kama ƙarfe?"

Ya ce, "To gaya min me ya kama shi."



Ya tafi wurin limaminmu, ya dawo da ruwan rubutu a jarka. Na tambaye shi me Malam ya ce. Ya ce Malam ya ce mu sha mu shafa, Allah ya warware, kuma ya ce a nemi wanda ya san injin a tambaye shi. Abokina rabin farko na maganar Malam ya riƙe, shi ma ya gyara shi. Ya ce mu lafiyarmu ƙalau, injin ne marar lafiya.

Muka tayar. Da kan injin ya yi zafi ya fara nishi, abokina ya yi bismilla ya kwara masa ruwan. Ya yi cuuu, tururi ya tashi. Jama'a, wallahi ina tsaye a wurin, murya ta sake, rawa ta ragu, wuƙa ta ci gaba da yanka.

"Allahu akbar!" in ji mai shayi.

Abokina ya kalle ni, kallon ya isa. Ban ƙi addu'a ba, Allah ya kiyaye, amma in haka ne aikin nan yake, to dattijon bai nuna min inda ake zuba rubutu ba.

Can zafin ya dawo, ya sake kwarawa, ya sake saki. Da ruwan ya yi ƙasa a jarkar sai ya je randar shagona ya ƙara masa don ya yi auki. Na ce anya? Ya ce albarka ba ta tsinkewa. Kuma ya kwara, kuma ya yi aiki. Muna dab da gamawa, saura ɗan shafi na ƙarshe, sai injin ya yi wani gurnani ya tsaya cak. Bel ɗin da na cika da kwalta ya ƙi zamewa, ya fizgi sandar, wuƙa ta nutse a cikin shaf ɗin ta yi masa rami.

Mai walda ya juya ƙarfen a hannunsa ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Maigida, sau ɗaya ya rage. In na ƙara masa wuta bayan wannan zai lanƙwashe, sai dai a yi turken akuya da shi."

Da safe na bi abokina fadama don in gani da idona. Da ban je ba. Tumatirin ya sunkuyar da kai, furen yana zuba a ƙasa rawaya-rawaya. Shi da iyalinsa suna ɗibar ruwa da bokiti daga rami suna bin gindi-gindi. Kowa a fadamar yana fama da nasa ban-ruwan, wanda ya ara masa inji na ɗan lokaci ya zo ya karɓe. Abincin gidansa na shekara ne a wurin.

Na ce, "Ka kai shi Kano. Ni na kasa."

Ya ce, "Na tambaya. A wannan lokacin layi ne, kafin su zo kaina an gama zance."

Na dawo shago raina a dagule. Na aika wa wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo gobe ya kwashe injin, ko a kilo ne. Na fara kwance shi don ya yi sauƙin ɗauka. Na cire dogon ƙarfen da ya ja motar. Na zare bel ɗin na yi jifa da shi waje. Na sa fayif na warware notin bayan sandar, da ƙyar ya taso. Ina cikin haka mai walda ya leƙo ya ce in ara masa babban sifanan da fayif ɗin, an kira shi gyaran keken shanu a wani ƙauye. Na ce ya ɗauka, ko kar ya dawo da su.

Bayan la'asar sai ga abokina da shaf ɗin, an yi masa cikon ƙarshe. Ya ga injin a warwatse. Bai ce Injiniya ba. Ya ajiye ƙarfen a kan benci, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ƙafarsa duk taɓo.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ka gwada. In ya lalace, dama a lalace yake."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Na fita ɗauko bel, na tarar rana ta narkar da kwaltar, yashi ya manne masa ko'ina. Ba zai yiwu ba. Na shiga gida na nufi garken awaki na fara kwance tsohon.

Matata ta ce, "Malam, lafiya? In suka fita suka shiga gonar mutane kai za ka je ban-haƙuri."

Na ce, "Ni zan je."

Ta ce, "Bel ɗin da ka ce ya mutu?"

Na ce, "Ni ma na mutu, sai mu yi aikin tare."

Na mayar da shi. Ba ni da zuciyar sake ɗaura dogon ƙarfen nan, na bar motar ta rataya a jikinsa tana lilonta yadda na same ta. Notin sandar kuwa ba sifanan da zai kama shi, ba fayif. Da hannu na murɗa shi har ya tsaya, na girgiza bakin injin na ji ba ya kaɗawa, na ɗaure 'yar ƙaramar ƙusar da ke riƙe shi, na bar shi haka. A raina ina cewa wannan ba haɗa inji ba ne, sallamar baƙo ce.

Abokina ya tashi ya yayyafa wa kan injin ruwan jarkar, ya tsaya riƙe da ita a shirye.

Na tayar. Na tura wuƙa yadda na saba, bel ya zame, sanda ta tsaya. Hannuna ya tafi neman kwalta da kansa, sai na tuna gwangwanin ma na jefar. Dole na ja wuƙar baya na riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan. Aiki ya tafi. Muna jiran kuka, ba kuka. Muna jiran rawa, ba rawa. Ina ta kai hannu kan injin, ɗumi kawai kamar jikin mutum. Abokina ya gaji da riƙon jarka ya ajiye. Kafin a kira magariba na auna, ya zo daidai, santsi kamar kwalba.

Na tsaya ina kallon injin. Na ba shi sabon bel, na ba shi ƙarfina, ya ƙi. Na kwance shi zan sayar, na haɗa shi da ganganci da igiyar garken awaki, ya yi. Abokina bai tsaya jin wannan lissafin ba, ya ɗaure shaf a babur ya yi fadama.

Da na idar da salla na kira dattijon a waya, abin da ya kamata in yi tun farko da Malam ya faɗa. Na kwashe labari na gaya masa.

Ya ce, "Notin baya, da me ka ɗaure shi?"

Na ce, "Da sifana, Baba."

"Sifana kawai?"

"Da fayif."

Na ji ya yi salati. Can ya ce, "Allah ya shirye ka, ɗan nan."

Ya ce notin nan boris ɗin sandar yake matsewa, wato zoben da take juyawa a cikinsa. A matse shi daidai yadda sanda ba za ta kaɗa ba, shi ke nan. In ta ɗau zafi kumbura take, in ba ka bar mata wuri ba sai ta shaƙe. Ya ce motar kuma da gangan aka rataye ta, nauyinta shi ne awon bel ɗin, in ka ja fiye da haka sandar kake ja gefe. Bel ɗin da ya zame kuwa ba lalaci ya yi ba, gaya maka yake ka cika haɗama, ka rage wuƙa.

Na ce, "To Baba, ruwan rubutun fa? Da idona na ga ya yi aiki."

Ya ce, "Addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma shi ruwa ma ai yana da sanyi."

Har yau ban gama daidaita abin a kaina ba. Na gane maganar dattijon, ina kuma aiki da ita. Kowace safiya ina ɗiga wa sanda mai, in danna bel da yatsa in ga ya ɗan lotsa, in an jima da tayarwa in taɓa kan in ji ɗuminsa. Amma duk ranar da na ga motar nan tana lilo, hannuna ƙaiƙayi yake. Abin da ya ciyar da ni rabin rayuwata shi ne ya kusa cinye gonar abokina, kuma tsakanin dokar niƙa da maganar dattijon ba wadda ta yi min ƙarya. Tumatirin, na wajen gangare ya tashi, na tudu furensa na farko ya tafi, sai na biyu aka ɗiba. Bai yi asarar shekara ba. Shi dai har gobe cewa yake rubutu ne, kuma 'yan fadama suna kawo min aiki don sun ji injina an yi masa magani. Ban taɓa musa musu ba. In da abokina bai zo da jarkar nan ya zauna min a ƙasa ba, da injin yana kan sikeli.

Washegarin ranar, na fara da zuwa ban-haƙuri, don awakin sun fita sun shiga albasar maƙwabci. Na dawo na kankare yashin sabon bel ɗin na ɗaure ƙofar garken da shi, na tamke shi iya ƙarfina, can ne ya dace. Mai sayen ƙarafa ya zo da amalankensa, na miƙa masa dogon ƙarfen motar, na ce in ya haɗu da mai walda ya karɓi fayif ɗin ma. Daga nan na hau keke na je fadama, tun daga nesa na jiyo injin ban-ruwan abokina yana bugawa, ruwa yana bin kwari. Na tsaya kaɗan ban ƙarasa ba, na juyo.

Na buɗe shago na tarar da jarkar a gindin inji, da sauran ruwan a ciki. Na kalli injin, na kalli jarkar. Na yi bismilla na shanye, na shafa ragowar a kaina.